Ranar da Na Je Banki Karɓo Bakina

Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar da na kasa yi miki ido da ido. Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Kano lafiya, kin ci abinci, kin kulle ƙofarki. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a wurin aiki, Ya raba ki da duk abin da zai sa ki sunkuyar da kai.

Kin san halina. A kasuwar Rano ba mai iya rufe min baki, amma ke 'yar fari ce, ga shi sunan mahaifiyata gare ki, in kika zauna a gabana sai harshena ya yi nauyi. Ɗazu da kika durƙusa kika ce, "Inna, ba za ki ce min komai ba?" na ce Allah Ya kiyaye, na shige madafa da sauri kamar na bar tuwo a wuta. Wallahi ba abin da na ɗora. Daɗi ne ya cika ni har ya nemi zama kuka, ban kuwa yarda ki gani ba. Shi ya sa na ɗauko biro, zan cusa miki takardar a jaka.

'Yata ma'aikaciyar banki! Ni Sa'a mai man gyaɗa! Na faɗa wa kowa, har da wanda bai tambaya ba. Mai kayan miya ma da na je sayen attaruhu sai da ya ji, ya ce, "Hajiya, ai kin faɗa min jiya." Na ce to yau ma ka ƙara ji.

Tunda Allah Ya nufa a bayan kantar banki za ki zauna, akwai labarin da kike jin gutsurensa kawai, domin kina makaranta aka yi shi. Yau zan ba ki shi dukansa, har da wuraren da uwarki ta yi wauta. Ki yi dariyarki, ba na gani.

Kin tuna lokacin da takardun kuɗi suka yi wuya, mutum yana da abinsa amma ba ya iya taɓawa. A lokacin ne mutanen wani banki suka zo ranar kasuwa suka kafa rumfa suna buɗe wa jama'a asusu. Ba naku ba ne, kuma ba zan rubuta sunansa ba. Ni ce uwar adashi, matan cikin gari da na Lausu da na Zinyau duk a hannuna suke zubi, kuma zubin ya tsaya cak saboda ba kuɗi a hannu. Sai na tasa su gaba zuwa rumfar nan. Talatu mai daddawa, ta Zinyau, ita ta fi kowa tirjewa. Ta dube ni ta ce, "Yaya Sa'a, ni ban san banki ba, ke na sani. Don ke zan dangwala." Ta dangwala yatsa, sauran suka bi.

Da farko lafiya lau. Daga baya sai na fara jin wayata tana ƙara ba wanda ya turo min komai. In na duba, Turancin ba na jin sa, amma lamba ina gane ta, kuma ƙasa take yi. Yau kaɗan, jibi kaɗan, wani watan kuma a gutsuri mai ɗan kauri. Me na yi? Shiru. Na daɗe ina shiru, Ummi, saboda girman kai. Wai kada a ce mace kamata ta hau mota har Kano a kan abin da bai kai kuɗin motar ba. In raina ya sosu sai in ce ai banki ma yana da iyali. Ashe ƙananan nan taruwa suke yi, ranar da na zauna na yi tunani da kyau na ga sun kai jarin wata.

Don haka ke, in kin ga an taɓa miki ko sisi ba ki gane dalili ba, tambaya. Ba rowa ba ce, guminki ne. In kuma wata ta zo gabanki da tsohuwar waya tana tambayar naira hamsin, kada in ji an ce kin taɓe baki. Ba ki san sau nawa ta fasa zuwa kafin ta zo ba.

Ranar da na tashi zuwa kuwa, ban je da hankali ba, da zuciya na je. Tun daga tasha nake sanarwa, duk wanda ya gaishe ni sai ya ji cewa yau banki zai san ni. Na shiga, na sami wata yarinya a kanta, sa'arki, 'yar siririya da farin gilashi. Na sauke mata kwandon masifa. Na ce ɓarayi, na ce marasa tsoron Allah, har mai gadi ya matso. Ita kuwa baiwar Allah cewa kawai take, "Mama, ki yi haƙuri, wallahi ba ni na cire ba. Wanne daga ciki kike magana a kai?" Wanne? Ina na sani! Ban riƙe rana ba, ban riƙe adadi ba. Na dawo Rano da dasasshiyar murya, ga asarar kuɗin mota zuwa da dawowa.

Yarinyar nan tana raina har yau, balle yanzu da na san ke ce za ki zauna a irin kujerarta. Wata rana wata Sa'ar za ta zo ta zazzage miki. Kada ki rama, kada kuma ki tafi da shi gida ki hana kanki barci. Ki bar ta ta sauke, sannan ki ba ta kujera ki tambaye ta da Hausa.

Babanku ne ya gyara min tafiyar. Kin san shi, malamin makaranta, komai sai an rubuta. Ya dawo daga wurin aikinsa a Kibiya ya same ni ina huci, ya ce, "To, sarauniyar yaƙi, ina ganimar?" Na harare shi. Ya ce in koma in nemi takardar da ke nuna shige da ficen kuɗina tun daga ranar farko, wadda ku kuke kira sitetimen. Na karɓo. Muka baje ta a tabarma, yana karantawa yana fassara min, ina cewa wannan na sani, wannan ban sani ba. Nan muka ga kuɗin katin cirar kuɗi da ban taɓa karɓa ba, da kuɗin saƙo ana cira biyu-biyu, da wata inshora ta bashi, ni da ban taɓa cin bashinsu ba. Ya rubuta musu koke, ba zagi ko ɗaya a ciki, abin har ya ba ni haushi. Ya yi kwafi biyu, ya ce su buga tambari a nawa in dawo da shi. A ƙarshe ya rubuta cewa in ba su amsa ba za mu kai maganar gaban hukumar da ke sa ido a kan bankuna. Takardar nan mai sanyin murya ita ta yi abin da ihuna bai yi ba, domin ba a daɗe ba suka kira ni.

To, nan ne gundarin labarin, ki gyara zama.

Wannan karon ba kanta aka tsayar da ni ba, ofishin manaja aka shigar da ni. Sanyi kamar cikin randa. Aka kawo min lemo. Manajan mutum ne mai fara'a, Hausarsa tas, Mama sama Mama ƙasa. Ya ce sun duba, za su mayar min da komai. Na ji kamar in yi guɗa. Sai ya turo min wata takarda ta Turanci ya ce, "Sai dai ki sa hannu a nan, Mama. Ba wani abu ba ne, rufin asiri ne kawai. Mu rufa wa juna asiri."

Ummi, wace Bahaushiya za a ce wa rufin asiri ta tsaya tambaya? Kalmar da muke roƙo bayan kowace salla! Na ɗaga hannu biyu na ce, "Amin, amin, Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira." Na shafa, na karɓi biro, na rattaba hannu har da 'yar lanƙwasa. Kafin in kai tasha wayata ta yi ƙara, wannan karon lambar sama ta yi.

Na shigo gida ina rangaji. Na miƙa wa babanku kwafin takardar, ina neman mayafina in zaga in ba matan adashi labari, su ma su je su karɓo nasu. Ya karanta, ya cire gilashi, ya goge, ya mayar, ya sake karantawa. Sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Na ce lafiya? Ya ce, "Shekara da shekaru ina neman abin da zai rufe bakin nan, ashe maganin yana banki." Da ya ga fuskata ta canza sai ya daina. Ya ce takardar cewa ta yi na yarda ba zan faɗa wa kowa an mayar min da kuɗi ba, ko nawa ne, ko don me. In na faɗa, suna da damar karɓe abinsu, har su kai ni kotu.

Na zauna daɓas. Na ce, "Malam, ai rufin asiri ya ce." Ya ce, "Ƙwarai. Kin tambaye shi asirin wa?"

Wannan tambayar ce ban yi ba. Ni asirin me gare ni a ciki? An cire min kuɗi, an mayar, ina abin kunya? Nasu asirin na rufe, da bakina, har ina cewa amin. Ki ji ni da kyau: duk takardar da aka turo miki ana murmushi ana cewa ba wani abu ba ne, ki naɗe ta ki ce za ki je ki dawo. Ko da ke mai Turanci ce, ki karanta ta a inda ba lemo, ba mai tsaye a kanki. Haƙƙinki kuma in za a mayar miki, a mayar da shi shi kaɗai, ba sai kin bayar da wani abu a madadinsa ba.

Sai na shiga shiru. Ke kin san Sa'a da shiru ba su taɓa zama ɗaki ɗaya ba. Duk Rano an san na je yaƙi, yanzu kowa yana jiran labari. Ranar zubi matan suka kewaye ni. "Yaya Sa'a, yaya aka ƙare?" Na ce alhamdulillahi. "Sun mayar?" Na ce a ci gaba da zubi, rana tana yi. Suka dubi juna. Ga shi kuma, don rashin dabara, na sayi gyaɗa buhu-buhu a makon, an sauke a ƙofar gida kowa yana gani.

Ba a jima ba magana ta fara yawo. Wai bankin yana ba ni la'ada a kan duk abin da ya cire musu, shi ya sa na kai su tun farko, shi ya sa kuma aka toshe min baki. Ni! Ni da nake riƙe kuɗin matan nan tun kina goye, ko ƙwandala ba ta taɓa ɓata ba. Zubi ya fara ja baya. Wadda take aiko da nata da sassafe sai an bi ta. Wata ta gan ni a gidan suna ta kawar da kai. Uwar adashi ba ta da shago, ba ta da tambari, sunanta kawai gare ta, kuma ina ji ina gani nawa yana zubewa.

Wanda ya fi yi min ciwo zuwan Talatu ne. Ta zo da yamma, na shimfiɗa mata tabarma ta ƙi zama, na kawo ruwa ta ce ta ƙoshi. Ta ce, "Yaya Sa'a, ni ban yarda da abin da ake faɗa ba. Amma jiya ma sun cire min, na tambaye ki kin yi shiru. Ke kika shigar da mu, yanzu kin fita kin bar mu a ciki. In wannan zagayen ya ƙare zan huta." Ta juya ta tafi. Na bi ta da ido. Ranar na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba.

Na ce wa babanku zan faɗa, su kai ni duk kotun da suka ga dama. Ya ce a'a. Ya ce alƙawari ne, ko da da wauta aka ɗauke shi, kuma na sa hannu. In ina son warwarewa, in koma inda aka ƙulla. Na juya maganar na ga gaskiyarsa. Na sayar da mai, na haɗa kuɗin cif yadda suka ba ni, na ƙulle a baƙar leda. Na aika wa Talatu cewa ta raka ni Kano don girman Allah, kuma kada ta tambaye ni komai. Ta zo, fuska ba annuri. A mota ba wadda ta ce da wata ƙala, har direba ya leƙo ta madubi ya ce, "Hajiya, yau ba ki da lafiya ne?"

Muka shiga ofishin. Manaja ya taso da fara'arsa, "A'a, Mama! Sannu da zuwa." Talatu ta ɗosana a bakin kujera tana ƙanƙame da jakarta. Na kwance leda, na ajiye kuɗin a kan teburinsa. Na ce, "Yallaɓai, ga abin da kuka ba ni. Ku ƙirga. Ku riƙe abinku, ku ba ni bakina."

Ya zaro ido. Ya ce, "Haba Mama! Ai ba kyauta muka ba ki ba. Kuɗinki ne da aka cire bisa kuskure, na kati da na saƙo da inshorar nan, muka mayar miki. Ta yaya za mu sake karɓ…"

Sai ya tsaya. Idonsa ya sauka a kan Talatu.

Talatu ta gyara zama, ta shige cikin kujerar sosai. Ta ce, "Kati da inshora? Ikon Allah. Yallaɓai, to ai ni ma an yi min wannan kuskuren. Da ni, da Hansai, da Ladi, da matan Lausu gaba ɗaya."

Na ɗaga hannuwana sama na ce, "Yallaɓai, kai ne shaida, ni ban ce uffan ba."

Ummi, da kin ga mutumin nan! Ya dafe kai, ya dube ni, ya dubi Talatu, sai dariya ta ƙwace masa. Mu ma muka kama. Talatu tana dariya tana share hawaye da bakin mayafi, ta kamo hannuna ta ƙarƙashin tebur ta matse. 

Don in yi masa adalci, ba mugu ba ne. Ya ce takardar daga sama take zuwa, kowa ake ba, shi ma bai taɓa tsayawa ya yi tunanin abin da za ta jawo wa mutum a garinsu ba. Na ce to ni ta kusa raba ni da mutanena, kuma ba zan ɗauki ledar nan ba sai na ga rubutu. Ya rubuta da hannunsa cewa zai nemi a janye sharaɗin, ya buga tambari. Ba a yi saurin amsawa ba, sai da muka yi ta bibiya, amma takardar janyewar ta zo, babanku ya karanta ya ce, "Shi ke nan, hutuna ya ƙare."

Daga nan muka riƙa zuwa rukuni-rukuni, kowace da takardar shige da ficenta da kokenta. Yawancinsu an mayar musu. Hansai ba ta sami duk abin da ta sa rai ba, domin wasu cajin na ƙa'ida ne, an nuna mata ta gane, ko da yake har gobe tana mita. Wannan ma ki riƙe: ba duk abin da banki ya cire ne zalunci ba, kuma in kuna da gaskiya ki yi bayani har mutum ya gamsu. Takardar rufin asiri kuwa ba wadda aka sake turo wa a cikinmu.

Yanzu ga abin da nake so da ke. A aikinku akwai sirri na gaskiya. Abin da mutum ya ajiye, da bashin da ake bin sa, amana ce. Ko ni na tambaye ki nawa Alhaji wane yake da shi, ki ce Inna ba huruminki ba ne, kuma na san halina, zan iya tambaya. Amma in aka ba ki takarda aka ce ki sa wata ta sa hannu, ki fassara mata ita duka, har da wurin da ba daɗi. Kada ki ɗauko kalma mai tsarki ki lulluɓe mata abu da ita. Ki ce, "Mama, wannan cewa take ba za ki faɗa wa kowa ba. Kina iya tafiya da ita gida a karanta miki." In na sama da ke ya ɓata rai, ki ba shi haƙuri da ladabi, amma kada ki rage ko kalma ɗaya.

Saura abu guda, wanda aka roƙe ni kada in faɗa miki, ni kuwa wannan karon ban sa hannu ba. Kuɗin hayar ɗakin da za ki kwana a ciki yau ba ni da su a hannu lokacin da takardar aikinki ta zo. A watan nan kuwa Talatu ce da kwasar adashi, ta daɗe tana jira don ta gyara rufin ɗakinta kafin damina. Ranar kwasa na miƙa mata, ta turo min da su gabana a gaban kowa. Ta ce, "Ki kai 'yarmu banki. Rufi ya jira. Mu ma mu sami wadda za ta karanta mana takarda tsakani da Allah." Matan suka ɗauki guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Don haka duk macen da ta tsaya a gabanki da tsohon mayafi tana juya takarda ba ta san sama da ƙasanta ba, ki sani irinta ce ta biya miki ɗaki.

Allah Ya yi miki albarka, Ummi. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya kare ki daga dukiyar da ba taki ba, Ya sa ki gama da kowa lafiya. Babanku da ƙannenki suna gaishe ki. In kin karɓi albashin farko, kafin ki sayo min komai, ki hau mota ki je Zinyau ki gaida Talatu.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Sa'adatu